Iskar Da Ta Ƙera Wayarka: Yadda Masana'antu Ke Auna Tsaftar Matsattsiyar Iska

Idan aka tambayi matashi abubuwan da ake buƙata kafin a ƙera wayar salula, zai lissafo gilashi, da batir, da kyamara, da wutar lantarki. Da wuya ya ambaci iska. Amma duk inda ake harhaɗa waya, daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin, inda hedikwatar kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel take, zuwa masana'antun Samsung da ke ƙasar Biyetnam, akwai bututai da suka ratsa ginin ko'ina, ba ruwa a cikinsu, ba gas, sai iska da aka matse.

Allon cikin waya, wanda masu gyara ke kira bod, yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan kayan lantarki. Wasunsu tsawonsu milimita 0.4 ne, faɗinsu 0.2, wato sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba hannun mutum ke jera su ba. Inji ne mai siririn baki yake zuƙo kowanne ya ɗora a gurbinsa, dubun-dubata a cikin awa guda, kuma a injina da yawa matsattsiyar iska ce ke samar da wannan zuƙar. Ɗigon mai ko na ruwa guda ya isa ya toshe bakin, ɗan ƙaramin abin ya faɗi ko ya zauna a karkace. Haka ma kyamara: a wayoyi da yawa kowane ɗigon hoto da ke kan idon kyamarar girmansa bai wuce maikiron ɗaya da 'yan kai ba. Maikiron kuwa shi ne milimita ɗaya a raba gida dubu. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen maikiron 70. Ƙura mai maikiron 5, wadda ido ba ya gani sam, za ta iya rufe ɗigon hoto kusan ashirin idan ta maƙale a wurin lokacin harhaɗawa.

Shi ya sa masana'antu ba sa cewa iskarsu tana da tsafta don kawai ta yi kama da mai tsafta. Aunawa suke yi.

Me ke shiga cikin iskar?

Mai karatu ya san injin mai faci da ke bakin titi. Wannan shi ne kwamfireso: yana zuƙar iskar waje, ya cusa ta cikin tanki. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar matsin da bai wuce bar 2 da ɗoriya ba. Masana'antu galibi da bar 7 suke aiki, masu busa gorar lemo da ta ruwa kuma sukan kai bar 40. A matsin bar 7, iskar da za ta cika tanki takwas ce aka dunƙule a tanki ɗaya. To duk abin da ke cikin waɗancan tankuna takwas ɗin, ƙura ce, hayaƙi ne, danshi ne, shi ma ya taru a wuri guda, ninki takwas. Sannan injin kansa yana ƙara nasa. Yawancin kwamfireso da mai suke aiki, kuma ɗan kaɗan daga man yakan bi iskar a matsayin feshi ko tururi. Bututan ƙarfe su ma suna zubo tsatsa.

A cikin waɗannan duka ruwa ne ya fi yawa, kuma lissafinsa yana da ban mamaki. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe ruwa giram 30 a kowace kyubik mita, wato a faɗin cikin tankin ruwa mai lita 1,000. A ɗauka ranar damina ce, danshi ya kai kashi 80 cikin ɗari. Kowace kyubik mita tana ɗauke da giram 24 ke nan. Matsakaicin kwamfireso mai zuƙar kyubik mita 10 a minti ɗaya zai haɗiyi giram 240 na ruwa duk minti. Da ya matse iskar ta huce zuwa digiri 35, abin da za ta iya ci gaba da riƙewa bai wuce giram 50 ba. Ragowar giram 190 ɗin sai ya koma ruwa tsagwaronsa. A awa ɗaya ya haura lita 11. A aikin awa takwas ya haura lita 90, wato jarkar 'yan garuwa uku da rabi, daga inji ɗaya, a yini ɗaya.

Da hunturu labarin yakan juye. Idan danshi ya sauka zuwa kashi 15, injin nan ba zai tara ruwan a-zo-a-gani ba, sai dai ya sha ƙura har filtarsa ta toshe. Ke nan masana'antar da ke Kano ko Maraɗi tana da iska iri biyu a shekara, kuma gwajin da aka yi a watan Janairu ba ya faɗin komai game da watan Agusta.

Lambobi uku

Domin kada kowa ya riƙa fassara tsafta yadda ya ga dama, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 8573. Kashinta na farko ya fara fitowa a 1991, aka sabunta shi a 2001, sannan a 2010. Wannan kashi yana bayyana tsaftar iska da lambobi uku a jere, misali 1:2:1. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa, ta uku ta mai. Gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon tsafta.

A ɓangaren ƙura, aji na 1 bai yarda a sami fiye da ƙwaya 10 masu girman maikiron 1 zuwa 5 a kyubik mita ɗaya ba. Aji na 2 ya yarda da 100, aji na 3 da 1,000. A ɓangaren mai, aji na 1 shi ne miligiram 0.01 a kyubik mita, aji na 2 miligiram 0.1, aji na 3 miligiram 1, aji na 4 miligiram 5. Domin a gane ƙanƙantar aji na 1: ɗigon mai guda, a ce miligiram 30, sai an baza shi cikin iskar tankuna 3,000 masu lita dubu-dubu kafin a sauko wannan matsayi.

Akwai kuma aji na 0, wanda 'yan talla suka fi so. Mutane kan ɗauka ma'anarsa babu datti ko kaɗan. Ba haka ba ne. Ma'anarsa kawai ita ce an yi yarjejeniya kan wani adadi da ya fi na aji na 1 tsauri, kuma dole a rubuta adadin. Wanda ya ce iskarsa aji na 0 ce bai faɗi lamba ba, bai gama magana ba. Haka nan kwamfireson da ba ya aiki da mai ba ya ba da tabbacin iska marar mai, domin idan yana zuƙa daga gefen da manyan motoci ke ɗumama inji, tururin man da ke cikin hayaƙinsu zai shiga.

Ruwa shi ne ake aunawa ta wata hanya daban, wato matakin raɓa.

Matakin raɓa

Duk wanda ya taɓa ciro gorar lemo daga firji ya ga yadda jikinta ke yin gumi. Ba daga cikin gorar ruwan ya fito ba. Iskar da ta taɓa jikinta ce ta yi sanyi har ta kasa riƙe danshinta, sai ta sauke shi. Digirin da iska ke fara sauke ruwa shi ne matakin raɓarta. Idan matakin raɓar iskar cikin bututu digiri 3 ne, ba za ta zubar da ruwa ba sai bututun ya yi sanyin da ya kai digiri 3. Wannan shi ne aji na 4 a ƙa'idar ISO. Aji na 3 digiri 20 ne ƙasa da sifili, aji na 2 digiri 40 ƙasa da sifili, aji na 1 kuma digiri 70 ƙasa da sifili.

Na'urorin busar da iska iri biyu ne suka fi yawa. Na farko firji ne kawai a wata siffa: yana sanyaya iskar zuwa wajen digiri 3, ruwan ya sauka a zubar. Ya wadatar wa yawancin ayyukan inji. Na biyu yana amfani da ƙwayoyi masu shan danshi, 'yan uwan ƙwayoyin silikar nan da ake sakawa a ƙaramar jaka cikin kwalin sabon takalmi ko sabuwar na'ura. Tulu biyu ne a tsaye: ɗaya yana shanye danshi, ɗayan ana busar da shi, bayan 'yan mintuna su yi musanya. Da shi ake kaiwa digiri 40 ko 70 ƙasa da sifili, kuma shi masu kayan lantarki, da masu magunguna, da masu abincin da iska ke taɓawa kai tsaye suka fi nema, domin a irin wannan bushewa ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa, ko da yake bushewar ba ta kashe su. Yana da tsada: nau'in da ba ya amfani da zafi yakan cinye wajen kashi 15 na iskar da aka matse wajen busar da tulun da ke hutu.

To yaya ake sanin na'urar tana aikinta? A nan ne fasahar ta yi kama da abin da ke hannun mai karatu. Fuskar wayar zamani tana gane taɓawa ne domin yatsa yana canza yawan cajin da siraran layukan da ke ƙarƙashin gilashi ke riƙewa. Shi ya sa idan ruwa ya zuba a kan sikirin sai ya rikice, ya riƙa danna kansa. Sansar auna raɓa ta mayar da wannan matsala abin amfani. Wani siririn fallen roba ne ko na sinadarin alminiyam a tsakanin faranti biyu masu ɗaukar lantarki. Idan iska mai danshi ta bi ta kansa sai ya sha ruwa kaɗan, yawan cajin da farantan ke riƙewa ya canza, wata 'yar ƙwaƙwalwa ta mayar da canjin zuwa lambar digiri. Kamfanin Vaisala na ƙasar Finlan ya fitar da irin wannan sansa ta roba, mai suna HUMICAP, tun 1973, kuma irinta ce ke auna danshi a jikin motar binciken Curiosity da ta sauka duniyar Mars a 2012.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan daidaito, ita ce ta madubi. Ana sanyaya ɗan ƙaramin madubi a hankali, ana haska shi, har sai raɓa ta fara dusashe hasken, sai a karanta digirin madubin a daidai lokacin. Tana da tsada kuma ba ta jure datti, don haka an fi barinta a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake saita sauran sansoshi da ita. Saitin nan wajibi ne duk shekara ɗaya ko biyu, domin sansa takan kauce a hankali, ta ci gaba da nuna lamba mai daɗin gani alhali ƙarya ce.

Wani tarko da ya kamata a sani: matakin raɓa yana canzawa da matsi. Iskar da matakin raɓarta digiri 3 ne a cikin bututu mai bar 7, idan aka sake ta ta fito fili, zai koma wajen digiri 21 ƙasa da sifili. Iska ɗaya ce, lamba biyu. Ƙa'idar ISO ta cikin bututu take nufi. Wanda ya auna a fili ya rubuta a takarda zai mayar da aji na 4 ya zama aji na 3 ba tare da ya taɓa injin ba.

Zafi ma yana da nasa. Ana ƙayyade ƙarfin na'urar busarwa galibi bisa iskar da ke shigarta da zafin digiri 35. Idan ɗakin injin ya turnuƙe, kamar yadda yakan faru a bazarar Sakkwato ko Maiduguri, iskar ta shigo da digiri 45, danshin da take ɗauke da shi ya tashi daga giram 40 zuwa 65 a kyubik mita. Na'urar da ta isa a watan Disamba sai ta gaza a watan Afrilu, ba tare da ta lalace ba.

Ƙura, mai da ƙwayoyin cuta

Ƙirga ƙura ya fi sauƙin fahimta. Idan hasken rana ya ratso ta hudar rufin ɗaki, akan ga ƙura tana yawo a cikinsa. Na'urar ƙirga ƙura haka take yi da hasken lesa: iska tana ratsa siririn haske, kowace ƙwaya ta watsa shi, wani ido na lantarki ya ƙirga walƙiyar. Ƙarfin walƙiyar ne ke nuna girman ƙwayar. Sai dai yawancin na'urorin ba sa jure bar 7, don haka ana rage matsin tukuna ta wani bututu na musamman da ba ya ƙara ƙura kuma ba ya ɓoye ta.

Mai ya fi wuyar kamawa, saboda yana zuwa a siffa uku: ruwa-ruwa a jikin bututu, feshi, da tururi. Domin feshin, ana bi da iskar ta cikin wata farar matata na wasu awanni, a kai ta ɗakin gwaji, a wanke man da sinadari a auna. Domin tururin, ana amfani da ɗan bututu mai gawayi a ciki, ko kuma sansa mai fitilar hasken da ido ba ya gani, wadda ke sa ƙwayoyin tururin su ɗauki caji har a iya ƙirga su nan take. Wannan sansar tururi kaɗai take gani. Wanda ya ɗauki lambarta a matsayin jimillar mai ya bar kashi biyu a baya.

Ƙwayoyin cuta kuwa har yanzu tsohuwar hanya aka fi bi: a fesa iskar da aka san yawanta a kan faranti mai abincin ƙwayoyin, a ajiye shi a ɗumi na 'yan kwanaki, a ƙirga abin da ya tsiro.

Hoto da bidiyo

Masana'antu da yawa suna kiran masu gwaji sau ɗaya ko sau huɗu a shekara, a ba su takardar shaida, su rataye a ofis. Takardar nan hoto ce: ta nuna yadda iskar take a ranar, a awar, a bakin bututun da aka ɗiba. Ba ta san cewa da ƙarfe biyun dare bawul ɗin tulu ɗaya ya maƙale ba, ko cewa bayan ɗaukewar wuta an kunna kwamfireso kafin firjin busarwa ya yi sanyi, jiƙaƙƙiyar iska ta wuce. Sansar da ke maƙale a bututu dare da rana ita ce bidiyo. Gwajin ɗakin gwaje-gwaje yana nan da muhimmancinsa, musamman ga mai da ƙwayoyin cuta, amma wanda kuɗinsa na sansa ɗaya ne, ta raɓa ya kamata ya fara saya. Ruwa ne ke kawo tsatsa, tsatsa ta zama ƙura, danshi kuma ya zama gidan ƙwayoyin cuta.

Inda aka kafa sansar ma yana da tasiri. Iska takan fito daga ɗakin inji tsaf, ta bi tsohon bututu na mita ɗari biyu, ta isa wurin aiki da tsatsa. Don haka ake aunawa wuri biyu: bayan na'urar busarwa, da kuma dab da inda ake amfani da iskar. Ko tiyon da ake ɗibar samfurin da shi ba kowanne ba ne; tiyon roba na gama-gari danshin waje yana ratsa shi ya ɓata sakamakon, shi ya sa ake amfani da na ƙarfe marar tsatsa. Haka nan agogon da ke kan filta, mai nuna bambancin matsi gaba da baya, yana yaudara. Idan filta ta toshe allurar takan hau, amma idan filtar ta yage allurar ƙasa take komawa, kamar sabuwa.

Yadda sansar ke kai labari shi ma abin sha'awa ne. Da yawansu suna aika lantarki tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20 ta waya biyu: 4 na nufin ƙarshen ma'auni na ƙasa, 20 na sama. An fara daga 4 maimakon sifili ne da gangan, domin idan aka ga sifili an san waya ce ta tsinke, ba iska ce ta bushe ba. Wasu kuma suna magana da harshen Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979 kuma har gobe yana aiki. Daga nan wani ɗan akwati mai layin waya ko Wi-Fi yakan tura lambobin intanet, injiniya ya ga zanen hawa da saukarsu a manhajar wayarsa. Idan matakin raɓa ya haura iyakar da aka sa, saƙo ya shigo masa ko yana gida. Zanen ya fi lamba ɗaya amfani: idan layin yana tsalle duk lokacin da tulu biyun suka yi musanya, ɗaya daga cikinsu ne ke da matsala; idan yana hawa a hankali cikin makonni, ƙwayoyin shan danshin ne suka gaji ko mai ya lulluɓe su. Matashin da ya iya haɗa sansa da intanet ya kuma iya karanta irin wannan zane yana da sana'ar da masana'antar lemo, ta magani da ta siminti duk suke bukata.

Idan mutum ne zai shaƙa

A wasu wuraren ba kaya ne ke cikin haɗari ba, rai ne. Ma'aikatan kashe gobara, da masu nutso a teku, da masu feshin yashi a jikin ƙarfe, da marasa lafiya a asibiti, duk matsattsiyar iska suke shaƙa. A nan abin tsoro shi ne kabon monokzayid, gubar nan ta hayaƙin janareto da ke kashe mutane suna barci, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana shiga ta hanya biyu: ko bakin zuƙar kwamfireso yana kusa da salansar janareto, ko injin ya yi zafi har mansa ya fara ƙonewa. Ƙa'idar Turai ta iskar shaƙa, EN 12021, ba ta yarda ta wuce kashi 5 cikin miliyan ba. A Amurka iyakar iskar shaƙa ta wurin aiki kashi 10 ce cikin miliyan. Filtar ƙura ba ta tare ta, na'urar busarwa ta gama-gari ma haka. Sai sansa mai ƙararrawa, da wani sinadari na musamman da ke mayar da ita iskar da ba ta da wannan guba, da kuma raba injin da hayaƙi tun farko.

A ƙaramin shago

Mai fentin mota ba shi da kuɗin lesa, amma matsalarsa iri ɗaya ce. Ƙananan ramukan da ke fitowa a sabon fenti, masu kama da idon kifi, sau da yawa mai ne ya biyo iska. Ƙurajen da ke tasowa daga baya kuma ruwa ne. Akwai gwajin da masu fentin ƙarfe ke yi, har yana da lamba a ƙa'idojin Amurka, ASTM D4285: a kafe farar takarda mai shan ruwa, a saki iskar a kanta daga nisan da bai wuce santimita 60 ba, na minti ɗaya, sannan a duba. Tabon da ya bushe ya ɓace ruwa ne, wanda ya zauna ya bar maiƙo mai ne. Ba a gwadawa a tafin hannu, domin iska mai matsi tana iya kutsawa ta rauni ta shiga jiki. Takardar ba za ta nuna tururi ko ƙurar maikiron ɗaya ba, amma za ta nuna ko an daɗe ba a buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin ba, wanda ya kamata a tsiyaye shi kullum bayan an tashi aiki. Ruwan da ke fitowa daga nan gauraye yake da mai, don haka a mazubi ake tara shi, ba a kwata ba.